Ruwan ramin ma'adinai: wanne ake iya amfani da shi, wanne ne guba?

Tunda maganar ma'adinai ta dawo da ƙarfi a ƙasar nan, gwamnatin tarayya na ta zancen lasisi da masu zuba jari, har a 2024 aka ƙaddamar da jami'an tsaro na musamman masu sintiri a wuraren haƙa, sai wata tambaya ta biyo baya a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa. Ruwan nan da ke taruwa a ramin da aka haƙa, ko wanda ake zuƙowa da inji daga ƙarƙashin ƙasa don ma'aikata su samu shiga, me za a yi da shi? Wasu sun ce guba ne zalla, ko akuya kar a bari ta kafa baki. Wasu kuma sun ce ai a Afirka ta Kudu irin wannan ruwan ake tacewa a tura wa mutane a famfo, don haka mu asara muke yi da muke barinsa rana na shanyewa alhali mata da yara na ta jigila da jarka daga Maris har faɗuwar damina. Kowane ɓangare fa yana da hujjarsa ta gaske, inda aka samu saɓani shi ne ba ruwa iri ɗaya suke magana a kai ba.

Wane ruwa ake nufi

Na farko shi ne ruwan sama da ya taru a ramin da aka ɗebi burji ko yashi ko aka fasa dutse. Wannan shi ne mafi yawa a wajenmu, kusan duk inda aka yi titi ko aka kafa injin fasa dutse, kaman kewayen Dutse da Birnin Kudu, za ka tarar da irin wannan kududdufin. Dutsen da ake fasawa don gini galibi ba shi da sinadarin da ke sa ruwa tsami, sabida haka matsalar wannan ruwan ba ta ƙarfe ba ce sosai, ta ƙazanta ce, kashin dabbobi da na mutane, tsargiya, sauro, ga kuma zurfi da gaɓa a tsaye wanda duk shekara yake cin yara.

Na biyu shi ne ruwan da ke fitowa daga cikin ramin ma'adinin kansa. In aka yi zurfi aka wuce inda ruwan ƙasa yake, dole a kafa famfo a dinga zuƙewa dare da rana, in ba haka ba ramin ya cika. Ranar da aka daina aiki aka kashe injin, ruwan zai dinga hawa a hankali har ya samu mafita, ya ɓullo ta bakin rami ko ta wata tsaga a gefen rafi. Wannan shi ne asalin abin da masana ke nufi in suna zancen ruwan ma'adinai, kuma shi ma ba duka ne mai tsami ba, wani garau yake fitowa, wani kuma in ya taɓa ganye sai ya ƙone shi. Dutsen da ya ratsa ne ke yanke hukunci.

Na uku, ruwan wanki. Wanda aka wanke ƙasar gwal da shi, ko aka jiƙa niƙaƙƙen dutse da sinadari don a cire ƙarfen, aka tara a wani tafki. Shi ne mafi hatsari don an zuba masa abu da hannu, makuri (wato zaiba) ko gubar sayanaid ko asid. A watan Fabrairun 2025 irin wannan tafkin ne ya ɓalle a yankin tagulla na Zambiya, ruwan asid wajen lita miliyan 50 ya gangara cikin rafin da ke shiga kogin Kafue, kifi ya mutu, aka rufe ruwan famfon birnin Kitwe. Duk amfanin da za a lissafa nan gaba ba da wannan ruwan ake ba.

Daga ina tsamin yake zuwa

Akwai wani dutse mai ƙyalli kaman gwal, ana kiransa fayirait, haɗin ƙarfe ne da farar wuta, kuma yana yawan zama tare da kwal da gwal da dalma da tutiya. Muddin yana binne iska ba ta taɓa shi ba, babu abin da yake yi ko shekara nawa zai yi. Amma da an fasa shi an fito da shi, iska ta same shi ruwa ya same shi, sai ya fara ruɓewa yana fitar da asid irin na ruwan batir amma tsarma-tsarma, tare da narkakken ƙarfe. Akwai ma wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani waɗanda cikin wannan tsamin suke rayuwa, su ne ke ƙara wa abin sauri ninkin ba ninkin. Shi kuma asid ɗin ba a nan yake tsayawa ba, duk dutsen da ya bi sai ya narkar da abin da ke ciki, ƙarafa da gubobi irin su dalma, kadmiyam, asanik, manganis, alminiyam, ya taho da su.

Ana auna tsami da ma'aunin pH. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, duk saukar lamba ɗaya tsamin ya ninka sau 10 kenan, don haka ruwan da ya nuna 3 ya fi mai 7 tsami sau 10,000. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ce ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Akwai kogi a Sifen mai suna Rio Tinto, inda ake haƙa tun kafin zamanin Rumawa, ruwansa yana wajen 2 kuma ja ne jawur.

Alamar da ido ke iya gani ita ce tsatsa. In ka ga rafin da ke fitowa daga tsohon rami duwatsun ƙasansa sun yi ruwan goro, akwai wani laka-laka mai santsi a kansu, babu kwaɗo babu ƙananan kifi, ciyawar baki ta bushe, to ƙarfe ne ke zama. Amma a kula da wani abu da ke ruɗar mutane sosai: ruwan da tsaminsa ya yi yawa sau da dama garau yake, tas kaman na rijiyar burtsatse, sabida ƙarfen yana narke bai fito fili ba tukunna, sai ya gauraya da wani ruwan sannan launin ya bayyana. Dalma da asanik kuma ba su da launi ba su da wari a cikin ruwa.

Abin da ya sa matsalar ta yi nauyi shi ne ba ta ƙarewa da tafiyar kamfani. A Ingila an rufe wata mahaƙar kuza mai suna Wheal Jane a 1991 aka kashe famfunan, a Janairun 1992 ruwan ya fashe ya rina bakin teku, kuma har yau da kuɗin gwamnati ake tace ruwan wurin. A Afirka ta Kudu, inda ake haƙar gwal a kewayen Johannesburg tun 1886, ruwan tsofaffin ramuka ya fara ɓullowa a yammacin birnin a 2002, dole gwamnati ta gina manyan matatu. A gida ma akwai misali, tsofaffin ramukan kwal na Enugu irin su Onyeama suna zubar da ruwa mai tsami cikin kogin Ekulu shekaru bayan aikin ya tsaya.

Yanda ake gyara shi

Matakin farko a kashe tsamin. Ana zuba farar ƙasa, ko garin dutsen nan da ake siminti da shi, kaman dai yanda uwargida ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa tsamin ya kwanta. Da tsamin ya sauka sai a kaɗa ruwan iska ta shige shi, ƙarfen da ke narke ya dunƙule ya koma laka ja ya zauna a ƙasa, kuma in yana zama yakan ja wasu gubobin ya tafi da su. A tsiyaye na sama. Wannan aikin yana son wuta da sinadari kullum da ma'aikaci a tsaye, ga lakar da ta taru ita ma sai an nemo mata wurin da ba za ta koma cikin ruwa ba.

Hanya ta biyu mai sauƙin kuɗi ita ce a bar ƙasa da tsiro su yi aikin. A haƙa kwatami a cika da tsakuwar farar ƙasa ruwan ya ratsa, daga nan ya shiga tafkuna marasa zurfi ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya bi ta cikin fadamar da aka shuka da gangan. Ciyawar da aka fi shukawa a irin wannan fadamar kuwa dangin kachala ce, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a Hadejia da Guri da Kirikasamma ta hana manoma da masunta sakat. Saiwarta na rage wa ruwa gudu, ƙarfen ya samu ya zauna, ruɓaɓɓen ganyenta kuma ya zama abincin wasu ƙwayoyin halitta masu kama ƙarfe su mayar da shi ƙasa. Hukumar da ke kula da tsofaffin ramukan kwal a Birtaniya tana da wuraren tace ruwa sama da 70, da yawansu irin wannan ne. Sai dai tana cin fili, kuma ba ta iya ɗaukar ruwa mai yawa mai tsananin tsami, sannan duk bayan wasu shekaru sai an yashe ta.

Duka biyun nan ba su kai ruwa matsayin sha ba. Bayan an cire tsami da ƙarfe, akwai gishirin salfet da ke saura, wanda in ya yi yawa yake sa ruwa ɗaci-ɗaci yana kuma sa gudawa musamman ga jarirai da baƙon da bai saba ba. Cire shi sai da injin da ke matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi, irin wanda wasu masu fiya wata ke da ƙaraminsa. Nan ne kuɗin yake, don yana shan wuta sosai kuma fatar tana toshewa sai an canza.

Inda aka ci moriyarsa

Misalin da kowa ke kawowa shi ne garin eMalahleni a lardin Mpumalanga na Afirka ta Kudu, garin kwal ne. Kamfanin Anglo American ya buɗe matata a can a 2007, tana karɓar ruwa daga ramukan kwal da yawa tana tace wajen lita miliyan 30 a rana, daga baya ma aka faɗaɗa ta, kuma wani kaso mai yawa ana sayar wa hukumar garin a haɗa a ruwan famfo. Abin da ya sa lissafin ya fita shi ne dama dole ne kamfanin ya zuƙe ruwan, dokar ƙasar kuma ba ta bar shi ya zubar haka ba, garin kuma yana cikin ƙishi. Farin garin da ke fita daga tacewar, jifsam, shi ne wanda ake sa wa siminti kuma ake silin POP da shi, har gidaje aka gwada ginawa da shi a can. To da gaske ne ana sha, amma abin da ake sha ya ratsa matakai da yawa da awo kullum kafin ya iso kofi.

Amfani na biyu shi ne wanda mutane ba su cika sani ba, kuma a ganina ya fi ban sha'awa, wato a yi amfani da ruwan ma'adinai a wanke wani ruwan. Kowa ya san aikin alimun, a jefa a ruwan gulbi mai laka a juya, lakar ta dunƙule ta zauna. Matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa ma da irin wannan sinadarin suke fara aiki kafin a zo kan kulorin. To gishirin ƙarfe ma yana yin wannan aikin daidai da alimun, matatu da yawa a duniya sayensa suke yi, shi kuwa ruwan rami mai tsami cike yake da narkakken ƙarfe da alminiyam kyauta. Shi ya sa masu bincike suka ce maimakon a binne jar lakar nan, a narkar da ita a tace a mayar da ita sinadarin dunƙule datti.

Har ila yau ƙarfe yana da kwaɗayin fosfet, sinadarin da ke cikin ruwan masai da na wanki da takin zamani, wanda in ya yi yawa a tafki yake sa gansakuka ta rufe shi kifi ya rasa iska. A wani wuri da ake kira Lamesley kusa da Gateshead a arewacin Ingila, an haɗa ruwan tsohon ramin kwal da ruwan da ya fito daga matatar ƙazantar gari a fadama guda. Ƙarfen wancan ya kama fosfet ɗin wannan, dattin wannan kuma ya ba ƙarfen abin da zai manne ya zauna, abin da ya fita zuwa kogi ya fi kowannensu tsabta in da shi kaɗai aka sake shi. Sharaɗin dai a tabbata ruwan ramin ba ya ɗauke da dalma ko asanik mai yawa, in ba haka ba an cire wani datti an zuba wanda ya fi shi.

Na uku noman rani. Masu bincike a Jami'ar Pretoria sun daɗe suna gwada ban ruwa da ruwan ramin kwal da aka kashe wa tsami, a masara da alkama da sauransu, kuma sun ga amfanin gona yana yi in ƙasar tana tsiyaye ruwa da kyau, sabida gishirin da ke cikinsa galibi jifsam ne wanda bai cika ƙona shuka ba. A Indiya kamfanin kwal na gwamnati yana ba ƙauyukan da ke kewaye da ramukansa ruwa don noma da ayyukan gida. Mu ma ba sai mun je nesa ba, tafkunan da haƙar kuza ta bari a Filato tun zamanin Turawa su ne yau ake noman dankalin Turawa da kabeji da tumatir da su a rani.

Sauran amfanin a taƙaice: a Gateshead ɗin dai tun 2023 ana ɗumama gidaje da ɗumin ruwan tsofaffin ramuka, wannan bai dame mu ba a nan. A jihar Ohio ta Amurka ana yin fenti da jar lakar, a West Virginia kuma jami'ar jihar na ciro ƙarafa masu tsada da ake sa wa a maganaɗisun injina da wayoyi daga cikinta.

Masu goyon baya da masu ja da baya

Masu goyon baya suna cewa ruwan nan fa ko an so ko ba a so zai fito, zaɓin kawai shi ne ya fito da gubarsa ya shiga rafi ko a tare shi a gyara. In kuma aka samu mai saye, ko hukumar ruwa ko manoma ko masu buga bulo, kuɗin zai rage nauyin tacewar, wanda shi ne ke sa matata ta ɗore. Suna ƙarawa da cewa a yankin da damina wata huɗu ce, kuma a yawancin ƙasar Kano dutse ne a ƙasa rijiyar burtsatse ba ta ba da ruwa mai yawa, duk litar da masu gini da masu fasa dutse suka ɗiba daga rami, lita ce da aka bar wa masu sha a rijiya.

Masu ja da baya ba su musanta ilimin ba, abin da suke tambaya shi ne wa zai riƙe. Matatar eMalahleni babban kamfani ne ke bayanta da injiniyoyi da ɗakin awo. A wurin da famfon sola na unguwa kan lalace ya shekara ba a gyara ba, wa zai tabbatar ana zuba farar ƙasa kullum har bayan mai lasisi ya kwashe kayansa? Tsoronsu na biyu shi ne kyauta ta zama hanyar sauke nauyi, kamfani ya ja bututu zuwa gonakin mutane ya ce taimako ne, alhali ruwan da doka ta ce ya tace ne ya samu inda zai juye. Na uku, cutar ƙarfe ba ta nuna kanta da wuri. A Jafan ruwan wata mahaƙa ya dinga shiga kogin Jinzu manoma na ban ruwan shinkafa da shi, kadmiyam ya taru a shinkafar, mutane musamman mata manya ƙodarsu ta lalace ƙashinsu ya dinga karyewa, sai a 1968 gwamnati ta amince daga nan cutar take, bayan shekaru da dama ana ci.

Mu kuma muna da namu tabon. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Bagega da Dareta da Abare, a 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Gaskiya ne mafi yawan wannan daga ƙurar dutsen gwal ne da ake niƙawa a cikin gida ba daga ruwan rami ba, amma ya nuna yanda dutse mai dalma yake a yankinmu da yanda ake daɗewa kafin a gane.

In aka auna maganganun biyu, ba su yi nisa da juna ba kaman yanda ake zato. Duka sun yarda kar a sha sai an tace an auna. Saɓanin yana kan ko tsarinmu zai iya ɗaukar awon da kulawar, kuma a nan hujjar masu ja da baya ta fi nauyi game da ruwan sha, ta masu goyon baya kuma ta fi nauyi game da aikin da ruwan ba ya shiga ciki.

Me wannan ke nufi ga mutumin ƙauye a Kano da Jigawa

Ga yawancin garuruwanmu, ramin da ke bayan gari na burji ne ko na dutsen gini, ba na fayirait ba. Irin wannan ruwan ya isa a buga bulo, a kwaɓa ƙasa, a yayyafa wa hanya, a shayar da dashen itatuwa, kuma in an auna an ga lafiya a yi lambu ko kiwon kifi. Abin da yake buƙata shi ne a sassabe gaɓar ta yi gangare, a killace, a ware wa dabbobi mashaya daban, a hana yara wanka sabida tsargiya. Manya za su tuna kurkunu daga ruwan kududdufi ake ɗaukarsa, kuma sai a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi, don haka ko ba ƙarfe ba ruwan tsaye yana da nasa sharrin.

Inda ya kamata a fi sa ido shi ne kudancin Kano, musamman Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza kuma jijiyar dutsen tana ɗauke da tutiya da dalma haɗe da farar wuta, wato irin dutsen da ke iya sakin ƙarfe a ruwa. Haka duk inda ake wankin gwal. Kuma abin bai tsaya kan mutanen wurin ba, don daga tsaunukan kudancin jihar ne ruwa ke gangarowa ta dajin Falgore ya shiga madatsar Tiga, daga Tiga kuma manoman Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure ke samun ruwan rani, ragowar ya wuce Wudil ya nufi Hadejia. Wannan ba yana nufin ruwan Tiga ya gurɓace ba ne, yana nufin in haƙa ta ƙaru a sama, awo ya zama dole a ƙasa.

Manomi ya san cewa shuka ba ɗaya ba ce wajen ɗaukar ƙarfe. Ganye irin alayyahu da latas sun fi tara kadmiyam da dalma, shinkafar da ke tsaye cikin ruwa ta fi jan asanik, hatsi irin masara ya fi sauƙi, itacen katako da na inuwa kuma ba ci ake ba. Zafin ranarmu ma yana da nasa tasirin, ruwan da aka auna a Oktoba yana cike ba shi ne na Afrilu ba, rana ta shanye rabi gishirin da ƙarfen sun ƙara kauri, in ka fara ganin fari-fari a kan kunya bayan ban ruwa to gishiri ne ke hawa. Ruwan farko na damina kuma shi ke wanko duk abin da ya bushe a kan tulin ƙasar da aka haƙo, shi ya sa ya fi kowanne ƙarfi.

A gida kuma, tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire dalma, ƙara mata kauri ma take yi don ruwan ne ke tashi ita tana nan. Alimun da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, tata da ƙyalle tana cire abin da ido ke gani, amma babu ɗayansu da za a dogara da shi a ce ya cire narkakken ƙarfe. Ƙa'idar ƙasa ta ce dalma da asanik kar su wuce miligiram 0.01 a lita, kadmiyam 0.003, wannan ba abin da harshe zai ɗanɗana ba ne, sai ɗakin awo. Masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 su ne dalma ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa kuma ba ta gyaruwa.

Ta ɓangaren doka, ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya suke, amma dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa, har da na fasa dutse, ya ƙulla yarjejeniyar ci gaba da al'ummar wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk shekara 5, sannan ya gyara wurin in ya gama. Sau da yawa abin da ake rubutawa a irin wannan takardar aji biyu ne da rijiya da ɗaukar matasa aiki, ruwan rami ba ya shiga. Dagaci da masu unguwanni da ƙungiyar ci gaban gari suna da damar su sa a rubuta ina ruwan da ake zuƙowa zai dinga zuba, wa zai biya kuɗin awo, a wane ɗakin awo da ba na kamfanin ba, a ɗebi samfur sau biyu a shekara ƙarshen rani da bayan ruwan farko, a liƙa sakamakon inda kowa zai gani da Hausa, sannan a faɗi ƙarara wanda zai ci gaba da kula da ramin da ruwansa bayan lasisin ya ƙare, da kuɗin da aka ware don haka tun ana cikin samun riba.